Iskar Gas Ba a Kogo Take Taruwa Cikin Kwal Ba

An daɗe ana ɗauka cewa gas ɗin da ke cikin kwal a ƙarƙashin ƙasa taruwa yake a wani kogo, da an huda sai ya fito. Ba haka ba ne. Mafi yawansa manne yake a jikin ƙananan ramukan da ido ba ya gani, ruwan da ya cika tsage-tsagen kwal ɗin kuma ya danne shi. Shi ya sa sabuwar rijiyar da aka haƙa don fitar da gas ɗin kan fara ba da ruwa, wani lokaci har watanni, sai matsi ya ragu gas ya saki.

Masu lissafa fitar gas ɗin da kwamfuta kan haɗa dokar Darcy ta 1856, wadda ke bayyana yadda ruwa ko gas ke ratsa tsage-tsage, da lissafin Langmuir, wanda ke nuna yawan gas ɗin da ke manne a jikin kwal gwargwadon matsi. Abin da ya fi burge ni: gas na fita, kwal na tsukewa, tsagar na ƙara buɗewa.