Firamare kyauta da kuɗin ƙungiyar iyaye: ga abin da dokar Kamaru ta ce

Duk farkon Satumba, da zarar an buɗe makarantu, magana ɗaya ce ke yawo a zauruka daga Ngaundere har Kuseri: an ce karatun firamare kyauta ne, to kuɗin da ake nema kafin a rubuta sunan yaro na mene ne? Mai tambayar yana da gaskiya. Darakta ma, wato shugaban makaranta, in ka zauna da shi, ba zai rasa hujja ba. Sai dai doka ta riga ta raba gardamar, kuma yawancinmu ba a taɓa karanta mana ita da harshen da muke ji ba.

Tsarin mulkin 1996 ya ce gwamnati ce ke da alhakin tabbatar wa yaro haƙƙinsa na ilimi, kuma karatun firamare dole ne. Dokar tsara ilimi mai lamba 98/004 ta 14 ga Afrilu 1998 ta maimaita wannan dolen a sashe na 9. Ranar 10 ga Fabrairu 2000, a jawabinsa na jajibirin ranar matasa, Shugaba Paul Biya ya sanar da soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Shekara guda bayan haka, ranar 19 ga Fabrairu 2001, dokar shugaban ƙasa mai lamba 2001/041 ta rubuta shi a sashe na 47: an ɗauke wa ɗaliban firamaren gwamnati kuɗin shekara. Wannan ya shafi ajujuwa shida, daga SIL (ajin farko) har CM2 (aji shida). Bai shafi makarantun kuɗi ba, na mishan ne ko na Islamiyya masu haɗa Faransanci da Larabci, haka kuma bai shafi ajin renon ƙananan yara da sakandare ba.

Kuɗin da ake karɓa yanzu, wanda kowa ke kira kuɗin APEE, na ƙungiyar iyayen yara da malamai ne. Nan ne ya kamata a tsaya da kyau. APEE ƙungiya ce kamar sauran ƙungiyoyi, tana ƙarƙashin dokar 'yancin kafa ƙungiya ta 19 ga Disamba 1990. Ba ofishin gwamnati ba ce, ba kuma reshen ofishin darakta ba. Ita kanta dokar 2001, da ta zo lissafa hanyoyin da makaranta ke samun kuɗi, ta sa abin da ƙungiyar iyaye ke bayarwa a matsayin gudummawar ganin dama. Abin da mutum ya bayar don ganin damarsa kuwa ba ya zama sharaɗin shigar ɗansa aji.

Saboda haka iyaye ne ke yanke adadin kuɗin a babban taronsu, ba a yanko musu daga sama ba. Ma'ajin da suka zaɓa shi ke karɓa, ya ba da rasit. Darakta mai ba da shawara ne, shi ya fi kowa sanin abin da makaranta ke buƙata, amma aljihunsa ba asusun ƙungiya ba ne. Yaron da ubansa bai biya ba kuma, babu sashen doka da ya ba wani izinin hana shi zama a aji, ko riƙe masa takardar sakamakonsa a ƙarshen zango. Ma'aikatar ilimin firamare kan maimaita wannan gargaɗi a lokacin komawa makaranta, amma maganar ba ta cika isa ƙauye da ƙarfinta ba.

Kada wani ya ji wannan ya ce na ce a daina biya. Ban ce ba, ba kuwa zan ce ba. Duk wanda ya leƙa makarantun yankunanmu uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, ya san dalilin da ya sa gwamnati da kanta ta sa su cikin yankunan da ke buƙatar kulawa ta musamman a harkar ilimi. Akwai makarantar da ajujuwanta shida ne, amma malaman da gwamnati ke biya ba su wuce biyu ko uku ba, har da darakta. Sauran su ne ake kira malaman iyaye, samari da 'yan mata da suka yi karatu ba su sami aiki ba, suna tsaye gaban allo daga safe har azahar, kuma ɗan abin da ake ba su a ƙarshen wata daga kuɗin APEE yake fitowa. In iyaye suka ƙi biya, malamin nan zai yi wata biyu, uku, ba ko sisi, wata rana a wayi gari ya koma tuƙa babur. Ajin ya zauna babu kowa.

Akwai kuma kayan aikin farkon shekara da gwamnati ta yi alkawari don cike gurbin kuɗin da aka soke: alli, rajista, littattafan shirin darasi da makamantansu. Tun 2010 aka miƙa sayensu ga ofisoshin magadan gari. Sau da yawa kayan kan makara, ko su zo ba su kai ba. Darakta ba zai ce wa yara su jira alli har Nuwamba ba, sai ya waiwayi ƙungiya. Haka in iska ta kwashe kwanon aji, ko rumfar zana ta ruɓe bayan damina, ko benci ya karye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai hali ya biya, har ya ƙara in ya ga dama.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne korar yaro. Ku bi ta ƙofar wata makarantar gwamnati da hantsi a watan Oktoba, za ku ga yara biyar, shida a gindin dogon yaro, allunan rubutu a cinya, jakar leda a gefe. Ba su shiga aji ba, ba su kuma koma gida ba, don suna tsoron abin da za su tarar. Yarinya 'yar shekara bakwai ba ta san abin da ake kira babban taro ba. Abin da ta sani kawai an kira sunanta gaban 'yan ajinsu an ce ta fita. Wannan kunyar takan zauna a zuciya, kuma yaran da aka fi yi wa haka su ne 'ya'yan gwauraye da marayu da na waɗanda rikici ya koro daga garuruwan kan iyaka, wato waɗanda aka soke kuɗin makarantar domin su tun farko. Bashin na babba ne, a nemi babba. Ƙungiya na iya yarda a biya kaɗan-kaɗan, ko a jira kuɗin auduga, ko a karɓi aikin hannu kamar gyaran rumfa, ko a yafe wa wanda kowa ya san halinsa. Duk wannan yana hannun taro.

Taron nan kuwa shi ne muke gudu. A aiko da takarda, uba ya ce yana kasuwa, uwa ta ce ba ta jin Faransanci, mutum goma su zauna su yanke wa mutum ɗari uku hukunci, daga baya a yi ta gunaguni a majalisa. Duk wanda yake da yaro a makarantar yana da bakin magana. Ka je ka tambaya: nawa aka tara bara, yara nawa suka biya, malaman iyaye nawa ne kuma nawa ake ba kowanne, ina rasit na sumunti da kwano? Wannan ba rashin kunya ba ne, ba kuma zargi ba ne, aikin ɗan ƙungiya ke nan. In ana magana da Faransanci, ka nemi a fassara da Fulatanci ko Hausa. Iyaye mata su ma su je, domin su suka san yaron da ya fita bai karya ba da wanda ya dawo yana kuka. A wurare da dama akwai ƙungiyar uwayen ɗalibai, kuma su ne kan bi gida-gida in yarinya ta daina zuwa.

Bayan APEE, dokar 2001 ta kafa majalisar makaranta a kowace firamaren gwamnati. A ciki akwai darakta, shugabannin ƙungiyar iyaye, wakilan malamai, wakilin magajin gari da na sarakunan gargajiya. Ita ke amincewa da kasafin kuɗin makaranta da dokokin cikin gida. In ba ku taɓa jin an ce ta zauna ba, ku tambayi jauro ko lawan ko an taɓa gayyatarsa.

Dokar ba darakta kaɗai ta ɗaure ba, ta ɗaure mu ma. Kundin hukunta laifuka na 12 ga Yuli 2016, a sashe na 355-2, ya ce mahaifin da yake da hali amma ya ƙi sa ɗansa makaranta za a ci shi tara daga sefa 50,000 zuwa 500,000, in ya sake kuma ɗauri ne na shekara ɗaya zuwa biyu. Bai ce ɗa namiji kawai ba. Na san lokacin dashen masakwa da tsinkar auduga kowane hannu yana da amfani, na san tallan yarinya shi ke kawo kuɗin cefane a wani gidan. Amma yaron da ke zuwa kwana biyu ya yi fashin uku zai kai CM2 bai iya karanta sunansa ba. Makarantar allo ma ba hujja ba ce, gidaje da yawa sun daɗe suna haɗa biyun, allo da asuba da yamma, boko da hantsi.

Bugun yara kuma, sashe na 35 na dokar 1998 ya haramta shi a makaranta, tare da duk wani nau'in cin zarafi da nuna bambanci. Ko uba ya ce wa malami ya zane yaro, wannan izinin bai halatta bulalar ba.

In an kori yaro saboda kuɗi ko an ji masa rauni, a fara da darakta cikin mutunci, a tafi da shugaban ƙungiya. In ba a daidaita ba, sai ofishin sufeton ilimin firamare na gunduma, da takarda a rubuce da kwanan wata. In kuwa karɓar kuɗi ne ba rasit, hukumar yaƙi da cin hanci ta CONAC tana da layin kira kyauta, 1517.

Saura takardar haihuwa, wadda ke kayar da yaranmu a ƙarshen tafiya. Yaro kan shiga SIL ba ita, ya yi shekara shida yana karatu, sai an zo haɗa takardun jarrabawar kammala firamare ta CEP da ta shiga sakandare a CM2 a ce babu. In an bayyana haihuwa a ofishin rajista cikin wata ukun farko, aikin mai sauƙi ne. In aka bari shekaru suka wuce, sai an bi ta kotu an samo hukunci a madadinta, da shaidu da kuɗin mota da jira. Wanda ɗansa ke CE1 ko CE2 (aji uku ko huɗu) yanzu ba shi da takarda, ya fara bin ta tun bana, ya kuma ɗaga maganar a taron iyaye: in aka haɗa sunayen yaran makaranta gaba ɗaya aka kai wa magajin gari, ya fi sauƙi a nemi kotu ta zo ta zauna a garin ta yi musu a lokaci guda.