Labarin damina daga teku yake farawa

A aikinmu na malaman gona, tambayar da aka fi yi mini ita ce: yaya za a yi mutum ya san halin damina tun ana tsakiyar rani? Wasu ma gani suke shaci-faɗi ne. Jama'a, awo ne, kuma a kan teku ake yin mafi yawansa.

Yawancin ruwan da ke sauka a gona daga teku ya taso. Tekun nan ya mamaye kashi 71 cikin ɗari na duniya, shi ne kuma ke shanye kusan kashi 90 na ƙarin zafin da hayaƙin injuna ke tarawa. Jiragen ruwa ba za su iya karaɗe shi ba, sai aka koma dubansa daga sama.

A 1992 Amurka da Faransa suka harba tauraron ɗan'adam mai suna TOPEX/Poseidon, yana shawagi a nisan kilomita 1,336. Sigina yake aikawa kan ruwa, ya ƙirga lokacin da za ta dawo, kamar mai jefa tsakuwa a rijiya yana kasa kunne don ya san zurfinta. Duk kwana goma sai ya sake bin sawunsa. Ruwa idan ya ɗumama kumbura yake yi, saboda haka inda zafi ya taru sai a ga teku ya yi tudu.

Haka aka hango El Nino na 1997, wato lokacin da ruwan ɗumi ya taru a gabashin tekun Fasifik. Abin da ya biyo baya har yanzu yana taɓa ni: ambaliya a Kenya da Somaliya, sauro ya yawaita, zazzaɓin Rift Valley ya kashe dabbobi da mutane, Indonesiya kuwa fari da gobarar daji. Tauraron nan da magadansa, su Jason da Sentinel-6, sun nuna tsayin ruwan teku ya ƙaru da kusan santimita 10 tun 1993.

Hasashe kan kuskure, don haka ba a rantsuwa a kansa. Amma idan hukumar yanayi ta ce damina za ta yi gajarta, don Allah a nemi iri mai saurin nuna, kada a yi gaggawar shuka da ruwan farko. Idan aka ce ruwa zai yi yawa, a yashe magudanai, a kai dabbobi rigakafi, a ɗaura wa yara gidan sauro tun kafin hadari ya haɗo.