Data mara iyaka da iyakokinta a gidajen Zariya

Data mara iyaka, wadda matasa ke kira anlimited, tsari ne na sayen intanet inda mutum zai biya tsayayyen kuɗi na mako ko na wata, ba kuma za a yanke masa layi don ya cinye wani adadi na giga ba. Kishiyarta ita ce data mai awo, wadda ake sayarwa kamar hatsi a mudu: giga kaza naira kaza, in ta ƙare a sake saye. A Zariya yawancin gidajen da ke da intanet ta layin wayar salula suke samunsa, ko dai ta hotsfot ɗin waya, ko ƙaramar mifi, ko rawutar da ake sa wa sim. Don haka rabon da ake yi a wasu ƙasashe tsakanin datar waya da intanet na gida bai fito sosai a nan ba. Turken sabis ɗaya ne ke ɗauke da su duka.

Sunan yana ruɗin mutane. Babu tsarin da ba shi da iyaka ko kaɗan. Abin da ke faruwa shi ne kamfani ya ɗauke iyakar daga inda mai saye ya saba ganinta, wato yawan giga, ya mayar da ita wani wurin: gudu, ko lokaci, ko irin na'urar da za a yi amfani da ita. Mai kwatanta tsare-tsare aikinsa ya gano inda aka ajiye ta.

Asalinsa a Najeriya

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a 2001 da kamfanonin Econet da MTN. Glo ya shigo a 2003, Etisalat a 2008, wanda ya koma 9mobile a 2017, shi kuwa layin Econet ya yi ta sauya suna har ya zama Airtel a 2010. A shekarun farko kira ne kasuwar, mai son intanet kuwa sai ya je kafe ya sayi awa. Fara aikin manyan igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku a Legas, irin su Main One da Glo-1 a 2010 da WACS a 2012, shi ya yawaita hajar har farashin giga ya faɗi. Da 4G ta bazu sai rawutar gida ta zama abin da ma'aikaci zai iya saya. A Disambar 2021 MTN da kamfanin Mafab suka ci gwanjon zangon rediyo na 5G, kowannensu a kan dala miliyan 273.6, MTN ya fara aiki da shi a 2022, Airtel kuma a 2023.

Inda ake ajiye iyakar

Wadda ta fi yawa ita ce ƙa'idar da kamfanoni ke kira amfani bisa adalci. A nan ana ba mutum cikakken gudu har ya kai wani adadi, a ce giga 100 ko 200 a wata, daga nan sai a shaƙe layin ya koma tafiyar hawainiya har watan ya cika. Ba a yanke shi ba, saboda haka kamfani bai yi ƙarya ba a bisa takarda. Amma layin da aka shaƙe da wanda ba a shaƙe ba ba abu ɗaya ba ne, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna haka.

Ana auna gudun intanet da megabit a daƙiƙa, Mbps, ita kuwa datar da ake saye da megabait ake auna ta, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Layin da ke gudun 10 Mbps yana iya sauke kusan giga 4.5 a awa guda, giga 1 kuwa cikin minti 13 zuwa 14. In aka shaƙe shi zuwa 512 kbps, wato kusan rabin 1 Mbps, abin da zai iya kawowa a awa bai wuce mega 230 ba, wannan giga 1 ɗin kuma sai ya ci sama da awa 4. Da irin wannan gudun saƙon WhatsApp zai shiga, kiran murya zai yiwu, ana iya tura kuɗi ta manhajar banki. Bidiyo kuwa sai dai mara kyan hoto, a waya ɗaya, yana tsayawa yana tafiya. In mutum shida ne ke kan rawutar, kowa abin da zai samu bai kai na zamanin kafe ba. Shi ya sa lambar da ta fi kowace muhimmanci a tsarin data mara iyaka ita ce gudun da za a bar maka bayan an shaƙe, kuma ita ce aka fi rubutawa da ƙananan baƙaƙe a ƙasan talla. Tsarin da ke saukowa zuwa 2 Mbps ana iya zama da shi. Wanda ke saukowa zuwa 128 kbps, mega 58 ke nan a awa, kusan daidai yake da yankewa.

Wasu tsare-tsaren kullum-kullum suke yin awon. Ana ba ka cikakken gudu zuwa giga kaza a yini, in ka kai a shaƙe, da tsakar dare a sake buɗewa. Wannan ya fi dacewa da gida mai yara, domin ko an yi ɓarna yau gobe za a tashi da sabon rabo, ba kamar na wata ba da za a iya cinye shi cikin kwana 10 a zauna jiran kwana 20. Illarsa ita ce rabon ranar da ba a taɓa ba yawanci ba ya bin mutum zuwa washegari, kuma mai son sauke babban abu a rana ɗaya zai ci karo da bango.

Akwai kuma wanda gudu ake sayarwa tun farko: ka biya na 10 Mbps ko na 20 ko na 50, ka sha iyakar abin da bututun zai iya ɗauka. Wannan shi ya fi kusa da ma'anar sunan, kuma shi ne tsarin da masu igiyar fayiba, wato igiyar intanet da ake jawowa har cikin gida, suka fi bi. Ko layin 1 Mbps, in bai tsaya ba dare da rana, zai kawo giga 324 a kwana 30. Sai dai a lura da kalmar "har zuwa" da ke gaban lambar. Har zuwa 50 Mbps alkawari ne na rufi, ba a faɗi inda daɓe yake ba.

Sauran iyakokin ƙanana ne amma suna kama mutane: datar dare da ke aiki daga tsakar dare zuwa asuba kawai, datar da aka ware wa wasu manhajoji kamar Facebook ko YouTube, da simin da ba ya aiki sai a cikin rawutar da aka sayo shi da ita.

Rikicin wannan suna ba a Najeriya ya fara ba. A Amurka hukumar kare masu saye ta FTC ta kai kamfanin AT&T kotu a 2014 kan shaƙe layukan masu tsarin mara iyaka ba tare da cikakken bayani ba, aka sasanta a 2019 a kan dala miliyan 60.

Abin da gida ke ci

Rubutu da murya ba sa cin komai in aka gwada su da bidiyo. Kamfanin Netflix ya ce kallon awa guda yana iya cin giga 1 a hoto na matsakaici, giga 3 a hoto mai kyau, giga 7 a 4K mai matuƙar kyan hoto. YouTube da TikTok da bidiyon Facebook ma haka lamarin yake, gwargwadon kyan hoto gwargwadon ci, kuma in sabis ya yi ƙarfi manhajar da kanta take ɗaga hoton ba tare da ta tambaya ba. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa mutum ya ga datarsa ta fi saurin zuƙewa bayan ya koma 4G ko 5G.

A ɗauki gida a Tudun Wada mai mutum shida a kan rawuta ɗaya, da tsarin giga 100 kafin a shaƙe. In aka raba a kwana 30, gidan na da giga 3.3 a yini, kowa kusan mega 550. Uwargida ta kalli fim mai dogon zango na awa guda a talabijin ɗin falo, saurayin gidan ya kalli ƙwallo ta minti 90, ɗalibar gidan ta shiga darasi ta Zoom, wayoyi biyu kuma su sabunta manhajojinsu cikin dare, to rabon kwana uku ya tafi a yini ɗaya. Da azumi, in aka ƙara tafsirin da ake bi kai tsaye, lissafin ya sake hawa. Sai a wayi gari ran 12 ga wata maigida yana cewa an cuce shi, alhali abin da mai shago ya ce masa, "Alhaji, wannan ba ta ƙarewa," rabin zancen ne kawai.

Gidan da aikinsa bai wuce WhatsApp da karanta labarai da banki ba, sau da yawa data mai awo ta fi masa araha, domin kuɗin mara iyaka na wata yana da tsada kuma ba zai taɓa kaiwa inda zai ci ribarsa ba. Hanyar gane wa kai mai sauƙi ce: kowace wayar Android da iPhone tana nuna abin da ta ci, a haɗa na duk 'yan gida na wata guda, sannan a raba kuɗin tsarin da gigar da ake samu kafin shaƙewa, a gwada da farashin giga a data mai awo.

Turke, bango da wuta

Akwai iyakar da ba a rubuta ta a kowace takarda ba, kuma a Zariya ita ta fi tasiri. Turken sabis yana da abin da zai iya ɗauka, duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa rabawa suke yi. Unguwanni masu cunkoson ɗalibai kamar Samaru, inda babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello take, da Kongo da Gyallesu, nauyin da ke kan turakunsu lokacin da makaranta ke ci ba ɗaya yake da na lokacin hutu ba, na bayan isha'i kuma ba ɗaya yake da na hantsi ba. Layin da ke tashi a Sabon Gari yana iya zama kurma a Dakace ko Shika. Saboda haka shaidar maƙwabci ta fi ta talla, kuma gwada ƙaramar data ta kwana ɗaya a cikin ɗakin da za a ajiye rawutar, da dare, ya fi komai amfani kafin a biya kuɗin wata. Mai sayen rawutar 5G kuma ya sani cewa inda babu turken 5G, 4G za ta koma.

Ginin gida ma yana da nasa. Ƙananan zangunan rediyo, kamar 700 da 800 MHz, sun fi ratsa bango, manya kamar 2600 da 3500 sun fi ɗaukar kaya amma ba sa nisa. A tsofaffin gidajen cikin birni, masu kaurin katangar ƙasa da zaure bayan zaure, rawutar da aka ajiye a ƙuryar ɗaki ƙarƙashin rufin kwano za ta yi ta fama. A matsar da ita bakin taga mai kallon turke, a ɗora ta sama, sai a ga gudun ya canza ba tare da an ƙara ko sisi ba. Waifai ɗin da ita kanta take bazawa ma bango na tare shi, shi ya sa sashen da ke bayan tsakar gida ba ya samu.

Sai wuta. Kuɗin wata yana tafiya ko rawutar na kunne ko tana kashe. Gidan da ba ya samun wuta sai awa kaɗan, ba shi kuma da sola ko inbata, ya sayi mara iyakar da nefa ce ke auna masa ita. Sa'ar da aka yi, rawutar sim ba ta da cin wuta, ƙaramin batiri yana riƙe ta awanni, mifi kuwa da batirinta take zuwa.

Starlink da fayiba

Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta same shi. Taurarinsa suna shawagi a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita, ba kamar tsofaffin taurarin sadarwa da ke kusan kilomita 36,000 ba, don haka ba shi da jinkirin da aka san intanet na tauraro da shi. Ba ruwansa da turken unguwa, abin da yake bukata sarari ne buɗaɗɗe a sama. Amma kayan haɗinsa na da tsada, yana cin wutar da ta ninka ta rawutar sim sau da yawa, ruwan sama mai ƙarfi irin na Agusta yana taɓa shi. Ya fi biyan kuɗinsa inda ake da yawa, kamar makaranta ko ofis ko gidan haya da aka yi karo-karo.

Fayiba har cikin gida ita ce ta fi kowanne tsayayyen gudu, sai dai sai inda igiyar ta bi. Kuma duk hanyar da ba ta tauraro ba, ƙarshenta igiya ce da ta taso daga gaɓar teku ta ratso ƙasar zuwa Arewa. Aikin titi da ɓarayi suna yanke ta. A Maris na 2024 da igiyoyin teku da dama suka lalace a yammacin Afirka, masu awo da masu mara iyaka tare suka ji a jikinsu.

Farashi da haƙƙin mai saye

Tsarin ƙasa na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025 ya sa burin giga 1 kada ya wuce naira 390, da gudun aƙalla 25 Mbps a birane da 10 Mbps a karkara. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗi da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bayan sun nemi kashi 100 suna kafa hujja da faɗuwar naira da tsadar man dizal da ke tafiyar da turaku. Farashi da adadin giga suna sauyawa akai-akai, don haka abin da aka saya bara ba lallai ne shi ake sayarwa bana ba.

Tun 2023 lambobin sun zama ɗaya a duk layuka: *312# don sayen data, *323# don duba abin da ya rage. Rawuta ma tana da shafinta da ke nuna abin da aka ci da wayoyin da ke kanta, nan ake gane in lambar sirrin waifai ta fita zuwa majalisar ƙofar gida. Wanda aka shaƙe wa layi kafin ya kai adadin da aka faɗa, ko aka sabunta masa tsari ba da izininsa ba, zai fara kai ƙorafi wurin kamfanin ya karɓi lambar shaidar ƙorafin. In ba a warware ba, sai ya kira 622, layin NCC na kyauta, da wannan lambar a hannu.