Me ake nufi da roka mai dakon kaya masu nauyi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin aya ko wake a Maraɗi ya san ba a tambayar direban tirela nauyin motarsa. Abin da ɗan kasuwa ke son ji shi ne tan nawa za ta ɗauka, kuma ina za ta kai su. To haka lissafin yake a harkar roka. In ka ji a rediyo an ce an harba roka mai ɗaukar nauyi, ana maganar kayan da za ta iya kaiwa sararin samaniya ne, ta sauke su a kan hanyar da za su riƙa kewaya duniya ba tare da sun faɗo ba.

Bisa ma'aunin hukumar NASA ta Amurka, rokar da ke kai tan 20 zuwa 50 kewayen da ke kusa da duniya ita ce mai ɗaukar nauyi. Wadda ta haura tan 50 kuwa ajinta daban, kamar Saturn V da ta kai mutane wata a 1969. Da, aikin gwamnatoci ne. Yanzu kamfanoni ke ƙera su suna ba da haya, mai tauraron ɗan Adam ya biya kuɗin dako, a ɗora masa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne adadin da ake faɗa. Ɗauki Falcon Heavy ta kamfanin SpaceX, mai injuna 27, wadda ta fara tashi ranar 6 ga Fabrairun 2018 ɗauke da motar Tesla a matsayin kayan gwaji (abin masu kuɗi ke nan). Kamfanin ya ce tana iya kai kusan tan 64 kewayen kusa in ba za a dawo da ɓangarorinta ba, wato da cikakken lodi ta haura ajin tan 50 ɗin. Amma in za a nufi can nesa inda taurarin talabijin ke zama, kilomita kusan 36,000 daga ƙasa, kayan sai su koma kusan tan 27. In duniyar Mirrihi (Mars) za a je, ba su kai tan 17 ba. Roka ɗaya ce, zango ne ya canja. Direbobinmu ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan: motar da za ta Ɗan Issa ta dawo da yamma ba lodinta ɗaya da wadda za ta bar Agadas ta keta Tenere zuwa Dirku ba, don ita wannan gangunan man da za ta sha a hanya sun cinye wurin buhuna.

Man kuwa shi ne kusan komai. Kafin abu ya zauna a kewayen duniya sai ya yi gudun kilomita kusan 28,000 a awa guda. Falcon Heavy na da nauyin tan 1,400 da 'yan kai lokacin tashi, mafi yawansa tataccen kananzir ne da iskar oksijin da aka sanyaya ta zama ruwa. Ke nan ko kashi biyar cikin ɗari na abin da ya bar ƙasa ba ya zama kaya. Kuma in ana son ɓangarorin rokar na ƙasa su dawo su sauka a sake amfani da su, dole a rage musu man komowa gida, lodi ya ƙara raguwa. A ganina wannan dawowar ce ta mai da harkar kasuwanci na gaske, don ba wanda zai ci riba yana jefar da mota bayan kowace tafiya.

SpaceX ba ita kaɗai ba ce a tasha. Turawa na da Ariane 6, da ta fara tashi a Yulin 2024 daga Kuru, a Giyana ta Faransa, wurin da yayarta Ariane 5 ta ɗauki na'urar hangen nesa ta James Webb a Disambar 2021. New Glenn ta kamfanin Blue Origin ta bi sahu a Janairun 2025.

Kayan da suke ɗauka iri-iri ne: na soja, na bincike irin kumbon Europa Clipper da Falcon Heavy ta tura wajen duniyar Mushtari (Jupiter) a Oktoban 2024, sai na sadarwa, wanda ya fi shafarmu. Hayar Falcon Heavy ta farko ma tauraron sadarwa ne na Larabawa, Arabsat-6A, a Afrilun 2019. Farantan talabijin da ke kan rufin gidajen unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, da aka ɗaure suna kallon gefe guda shekara da shekaru, irin waɗannan taurari suke fuskanta, masu kewaya duniya sau ɗaya a kwana guda, shi ya sa ake ganin kamar a tsaye suke. Na Starlink mai ba da intanet, da ya fara aiki a Nijar a 2025, ƙasa-ƙasa suke yawo, kuma rokar Falcon 9 ta SpaceX ce ke kwasarsu da yawa a lodi guda.