Kafin a saka wa jariri bututun numfashi: me ya sa ake fara yi masa allurar kashe zafi?

Iyayen da aka kwantar da jaririnsu a ɗakin kula da jarirai, ko a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke cikin garin Kaduna ko a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wani lokaci sukan ji likita ya ce numfashin yaro ya yi rauni, sai an saka masa bututu. Ga amsoshin abubuwan da aka fi tambaya a kai.

Wane irin bututu ne?

Siririyar roba ce da kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsan jaririn ba. Likita kan ɗaga harshen yaro da wani ƙarfe mai ƴar fitila a baki har ya hango ƙofar hanyar iska, ya zura robar, sannan a haɗa ta da injin numfashi. An fi yi wa bakwainin da huhunsa bai ƙosa ba, da jaririn da ya wahala wajen haihuwa. Daban take da robar da ake ba da nono ta hanci.

To, ashe jaririn kwana ɗaya ya san zafi?

Ya sani sarai. Mu nan an saba cewa jinjiri bai san komai ba, shi ya sa wanzami zai cire masa beli ana tsaye ana cewa kukan na ɗan lokaci ne. Likitocin Turai da Amurka ma sun daɗe a kan wannan kuskure. A 1985 an yi wa wani bakwaini mai suna Jeffrey Lawson tiyata a ƙirji a Amurka ba tare da maganin zafi ba, abin da aka ba shi kawai maganin da ke hana motsi ne. Mahaifiyarsa, Jill Lawson, ta fito ta yi ta magana har duniya ta ji. A 1987 binciken Dakta Anand da abokan aikinsa ya nuna cewa jariran da aka ba maganin zafi lokacin tiyata sun fi samun sauƙi bayanta.

Saka bututu kuwa yana cikin ayyuka mafi zafi a ɗakin jarirai. Wanda ya tsaya kusa zai ga yaro yana ƙanƙame jiki, yana yaƙi da ƙarfen, lambar iskar oksijin tana sauka a jikin na'ura, bugun zuciya yana raguwa. Wannan yunƙuri yana ɗaga matsin jini a cikin kai, ga shi jijiyoyin ƙwaƙwalwar bakwaini ba su da ƙwari, suna iya zubar da jini. Kuma yaron da ke fizge-fizge ya fi wuyar saka wa bututu, sai a yi ta maimaitawa, alhali ƙa'ida ita ce kada gwaji ɗaya ya wuce daƙiƙa 30.

Waɗanne magunguna ake bayarwa?

A 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa ba da magani duk lokacin da aikin ba na gaggawa ba ne. Yawanci kashi uku ne, ta jijiya. Akwai mai kashe zafi, an fi son fentanil saboda yana kama jiki da wuri. Mofin na da nawa, yakan ɗauki mintoci kafin ya fara aiki, sau da yawa an gama saka bututun shi bai kama ba. Akwai atirofin, wanda ke hana bugun zuciya faɗuwa. Sai mai sassauta tsoka na ɗan lokaci, wato mai hana motsi, domin baki da maƙogwaro su buɗe. Wasu wuraren kan yi amfani da ketamin, wanda ya fi samuwa a asibitocinmu. Midazolam kuwa sa barci yake yi, ba ya kashe zafi, kuma ana guje masa a bakwaini domin yana sa matsin jini ya faɗi.

Babban abin kiyayewa shi ne kada a ba da mai hana motsi shi kaɗai. Yaro zai kwanta shiru kamar ba abin da ke damunsa, alhali yana jin komai, kukan ne kawai aka hana shi. A ganina wannan ya fi rashin ba da komai muni.

Ba zai sa yaro ya tashi da son ƙwaya ba?

Tsoron yana da tushe, ganin irin ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi a Arewa, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma allura ɗaya da aka auna daidai nauyin jariri ba ta sa jaraba. Wanda ya kwana biyu a kan injin ana ba shi irin wannan magani, shi ne ake janye masa a hankali.

Maganin kansa ba shi da haɗari?

Yana da shi. Idan aka tura fentanil da sauri, ƙirjin yaro na iya sandarewa iska ta ƙi shiga, don haka ake tura shi sannu a hankali, da maganin warware shi, naloksan, a kusa. Wanda aka sassauta wa tsoka kuma ya daina numfashi da kansa gaba ɗaya. Dole ke nan a sami wanda ya ƙware wajen hura iska da jakar roba, ga oksijin, ga na'urar tsotse majina, ga mai lura da bugun zuciya. Inda babu waɗannan, ko wuta ba ta da tabbas, likitan da ya ƙi ba da mai hana motsi yana da hujja.

Me ya sa wani lokaci ba a bayarwa sam?

Idan an haifi yaro ba ya numfashi, zuciya na shirin tsayawa, babu lokacin neman jijiya. Ceton rai ake fara yi.

Ruwan sukari ko nono ba za su wadatar ba?

Suna rage zafin ƙaramin abu kamar ɗibar jini a dunduniya. Bututu ya fi ƙarfinsu.

Me uwa ko uba za su iya tambaya?

Idan ba gaggawa ake ciki ba, a ce: "Likita, don Allah za a ba shi maganin zafi kafin a saka? Wanne ne?" A kuma tambayi yadda za a riƙa duba zafinsa bayan an saka, tunda mai bututu a maƙogwaro ba a jin kukansa, sai dai nas ta karanta daga yamutsa fuska, dunƙule hannu da saurin bugun zuciya. Idan an rubuto maganin a sayo, a kawo shi da wuri, domin a aikin da ba na gaggawa ba sau da yawa shi ake jira.