Tambayoyi da Amsoshi a kan Littattafan George Eliot

Tambaya: Wace ce George Eliot, kuma me ya sa mace take amsa sunan namiji?

Amsa: Ainihin sunanta Mary Ann Evans. An haife ta a lardin Warwickshire na Ingila a shekarar 1819, ta rasu a 1880, wato ta yi dukkan rubuce-rubucenta a zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Ta ɗauki sunan namiji domin a duba aikinta da idon basira, ganin yadda ake raina ƙagaggun labaran mata a lokacin, sannan domin kada tsegumin da ake yi kan zamanta da George Henry Lewes, wanda yake da matar aure, ya shafi karɓuwar littattafanta.

Tambaya: Da wane littafi ya kamata sabon mai karatu ya fara?

Amsa: Da Silas Marner, wanda ya fito a 1861, saboda gajere ne kuma zaren labarinsa ɗaya ne. Labarin wani masaƙi ne da aka ɗora wa sharrin sata a cikin jama'ar cocinsa, ya bar garin ya koma ƙauyen Raveloe, ya guji mutane, bai da abin da yake so illa ƙirga zinariyar da yake tarawa. Aka sace zinariyar, sai ga wata ƙaramar yarinya da mahaifiyarta ta mutu cikin dusar ƙanƙara ta shigo ɗakinsa, ya raɗa mata suna Eppie ya rene ta. Abin da ya fi burge ni shi ne marubuciyar ba ta gaggauta sauya halinsa ba. A hankali, ta hanyar rainon yarinyar da taimakon maƙwabta, yake komawa cikin mutane.

Tambaya: To, Middlemarch da ake ta yabawa fa?

Amsa: Shi ne gwanintarta, amma sai an yi haƙuri da shi. An buga shi kashi-kashi tsakanin 1871 da 1872, labarin kuwa yana faruwa ne a wani ƙaramin gari kafin dokar gyaran zaɓe ta 1832. Dorothea Brooke, budurwa mai burin yin aikin alheri, ta auri Casaubon, wani malamin coci da ya girme ta sosai, tana zaton gagarumin masani ne, ta tarar da mutum mai kishi wanda binciken da ya shafe rayuwarsa a kai ba zai taɓa kammaluwa ba. A gefe guda, likita Lydgate ya iso garin da niyyar gyara harkar magani, amma aurensa da Rosamond da bashin da kayan ƙawa suka jefa shi ciki suka karya masa gwiwa. George Eliot tana nuna yadda mutum yake yaudarar kansa, kuma ko Casaubon ba ta hana shi tausayin mai karatu ba, abin da marubuta kaɗan ke iyawa.

Tambaya: Turancin yana da wuya?

Amsa: Yana da nauyi. Jimlolinta dogaye ne, kuma mutanen ƙauye suna magana da karin harshen yankinsu, musamman a littafinta Adam Bede na 1859. Bugun da ke da bayanai a ƙarshensa yana sauƙaƙa karatun ƙwarai.

Tambaya: Ina ake samun littattafan?

Amsa: Haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, don haka ana iya sauke su kyauta a shafin Project Gutenberg, a karanta a waya ko kwamfuta.