Zazzaɓin da ke biyo bayan aikin jijiyar hanta

'Yan uwa masu jinyar mai ciwon dajin hanta, akwai aikin da likitoci ke kira TACE. Ba a tsaga ciki. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu har ya kai jijiyar jinin da ke shayar da tsiron dajin, a tura maganin daji, sannan a toshe hanyar jinin don tsiron ya mutu. Wasu mutanenmu sai sun je Masar ko Indiya ake yi musu, su dawo gida nesa da likitan da ya yi aikin. Nan ne hankalina yake tashi.

A kwanakin farko, zazzaɓi da tashin zuciya da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama ba baƙon abu ba ne. Naman da aka hana jini ne ke mutuwa, kuma yawanci abin yakan lafa cikin mako guda. Sai dai mataccen nama matattarar ƙwayoyin cuta ne. In suka samu shiga, mugunya takan taru a hanta, wani lokaci sai bayan makonni take bayyana. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in cutar ta bi jini tana kisa.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda aka taɓa yi wa aiki a hanyar maɗaciya, wato bututun da ke kai ruwan ɗaci daga hanta zuwa hanji, ko an haɗa ta da hanji, ko an sa mata roba, ko an faɗaɗa bakinta. Ƙofar da ke tare ƙwayoyin hanji ta riga ta buɗe, sai su hau zuwa hanta. Don Allah a faɗa wa likita wannan tun kafin aiki, ko da shekara goma ke nan da yi, domin ya tsara maganin kariya. Mai ciwon suga ma ya faɗa.

A wurinmu kowane zazzaɓi maleriya ne, sai a wuce kemis. Wannan kam a'a. In zazzaɓin ya wuce mako, ko ya tafi ya dawo da rawar sanyi, ko ido ya yi shawara, ko mara lafiya ya fara ruɗewa, ko wurin hujin ya kumbura yana ruwa, a kai shi babban asibiti a ranar, da takardun aikin a hannu. Ko gwaji ya nuna maleriya, a roƙa a ɗauki hoton hanta. In an ga mugunya, ana zuƙe ta da siririn bututu ta fata, a haɗa da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Kafin a isa kada a ɗura masa jiƙo ko a yi ta ƙara masa farasitamol, hantar ba ta da ƙarfin ɗauka.